Ranar Wanka

Mahaifina yana kirana Abba, domin sunan mahaifinsa aka raɗa mini, kuma a gidanmu ba a kama wannan suna gatsal. Ni kuwa Baba nake ce masa. Baƙi sukan yi murmushi idan suka ji ɗaya ya ce "Abba," ɗayan ya amsa da "Na'am, Baba," kamar iyaye biyu ne suke gaisawa. Amma hakan bai rage komai daga kunyar da ke tsakanin uba da ɗan farinsa ba. Ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Ban taɓa ganinsa babu riga ba. Idan yana da saƙo gare ni, sau da yawa Inna yake faɗa wa, ko da kuwa ina zaune a tsakar gida ina jinsa. Haka muka zauna shekara 21, kuma babu wanda ya ga aibun haka a cikinmu.

Ina aji uku a jami'a, ina karatun kimiyyar sinadarai, aka kira ni a waya aka ce motar da ta ɗauko su daga kasuwar ƙauye ta kife. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, yana bin ƙauyuka yana sayen masara da gero yana kawowa Dawanau. Buhunan da ya saya da kuɗinsa su suka danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Ƙashin ƙugu ya karye, kuma wajen karyewar ya tsinka hanyar da fitsari ke bi daga mafitsara. Ƙashi ya ɗoru, Baba ya miƙe, har ya ajiye sanda. Hanyar fitsarin ce ta ƙi. Sau biyu aka yi masa tiyata don a haɗa ta, sau biyu tabo ya sake tsuke ta. Daga ƙarshe likitoci suka ce a bar shi da robar da aka sa masa tun daren hatsarin, har zuwa lokacin da Allah zai kawo wata mafita. Yau shekara huɗu ke nan.

Wanda bai taɓa jinya ba, idan ya ji an ce robar fitsari, hankalinsa yakan tafi ga wadda ake zurawa ta gaba. Ta Baba ba nan take bi ba. Mararsa aka huda, kamar faɗin yatsu biyu sama da ƙashin gaba, aka zura robar kai tsaye cikin mafitsara, ɗaya bakin kuma ya tafi ga ledar da yake ɗaurawa a cinya ƙarƙashin wando. Abin da ke hana ta zamewa ɗan balan-balan ne da ke kusa da kanta na ciki. Idan an zura ta, sai nas ya ɗura masa ruwa mililita 10 ta wata siririyar hanya da ke jikin robar, ya kumbura kamar goro, ya tokare daga ciki. Wani likitan Amurka mai suna Frederic Foley ne ya fito da wannan dabara a shekarun 1930, kuma har yau sunansa ne a jikin kwalin. Ta Baba lamba 16 ce, mai alamar ruwan lemo a bakin da ake sa sirinji. Kowace lamba ɗaya sulusin milimita ce, wato kaurinta milimita biyar da ɗoriya, bai ma kai na fensir ba. A kan wannan ɗan abu barcin gidanmu da tashinsa suka rataya.

Ba a barin roba ɗaya har abada. Duk bayan mako shida, ranar Talata, nakan raka shi asibiti. Ni nake sayen sabuwa a kemis, da sirinji biyu, da safar hannu, da man da ke kashe zafi, da auduga da filasta. Aikin kansa ba ya kai minti goma: a zuƙe ruwan balan-balan, a zare tsohuwa, a zura sabuwa, a ɗura ruwa. Tun ranar farko Baba ya kafa doka. Da ya hau gado, kafin ya ɗaga riga, sai ya ce, "Abba, ka juya." Sai in juya in fuskanci bango. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Baba ya ɓoye nasa, kuma ni ma na fi son hakan. Akwai wata takarda a bangon da ke koyar da yadda ake wanke hannu, da hotuna. Na haddace ta fiye da yadda na haddace wasu darussan da aka ba ni digiri a kansu.

Abin da ya faru a shekara ta biyu, ni na jawo shi. Na karanta cewa akwai robar da aka yi da silikon zalla, fara garai-garai, wadda raminta ya fi faɗi kuma tana iya kai mako 12 ba a canza ba, saɓanin mai ruwan ɗorawa ta danƙo da muka saba. Na lissafa: zuwa asibiti zai ragu, kuɗin adaidaita sahu zai ragu, kunyar Baba za ta ragu. Na tara abin da nake samu daga koya wa 'ya'yan maƙwabta darasi, na sayo ta da tsadarta, na kawo gida ina jin kaina kamar wanda karatunsa ya fara amfani. Aka sa masa. Mako goma bai yi kuka da ita ba.

Ranar cirewa ina fuskantar bangona. Abin da zan faɗa, kunnena ne ya shaida, ba idona ba. Na ji nas ɗin, wani matashi da ba zai girme ni ba, ya ce, "Baba, ka saki jikinka." Can ya sake cewa, "Baba, ka saki jikinka mana." Gado ya yi ƙara. Sai na ji wani sauti daga maƙogwaron mahaifina wanda ban taɓa ji ba, irin na mutumin da ya cije haƙori don kada kuka ya fito amma kukan ya sami wata ƙofa. Nas ya leƙa waje ya kira abokin aikinsa.

"Ka zuƙe ruwan duka?"

"Na zuƙe har sirinji ya tsuke."

"To, ja da ƙarfi. Wani lokacin haka suke yi."

Baba ya yi salati da ƙarfi. Na ji abu ya fisgo, na ji an ce a miƙo auduga da sauri. Ban juya ba. Na sha tambayar kaina ko biyayya ce ta hana ni ko tsoro, kuma amsar da nake samu ba ta yi mini daɗi. Kwana biyu ledarsa tana tara jini. A hanyar komawa gida bai ce mini komai ba, sai dai na lura hannunsa yana rawa a kan gwiwa.

Ba na zargin matashin nan fiye da yadda nake zargin kaina. Mutum fiye da ashirin ne a kan benci suna jiransa, kuma abin da ya gani ana yi shi ya yi. Ni kuwa, saboda ban gane komai ba, wata ta silikon na sake kawowa. Aka maimaita ranar da duk abin da ke cikinta.

Daga nan Baba ya daina zuwa. Bai taɓa cewa ba zai je ba. Mutum ne da ba ya faɗin haka. Talata ta zo, ya ce yana da baƙi. Wata ta zo, ya ce ana jiransa a kasuwa. Ta uku ya aiko Inna ta ce mini, "Babanka ya ce ai tana aiki, a ƙyale ta." Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Na yi shiru, domin ban san da wane baki zan ce wa mahaifina ya tashi mu je a sake yi masa abin da na ji an yi masa ba.

A cikin wannan jinkiri azumi ya kama, kuma ya faɗo a tsakiyar zafi. Sai na ɗan koma baya a nan. Tun farkon lalurar, abin da ya fi damun Baba ba ciwo ba ne, tsarki ne. Ya yi watanni ba ya shiga sahu, yana ganin mai ɗauke da ledar fitsari bai dace ya tsaya kusa da mutane a masallaci ba. Sai da limamin unguwarmu ya zo har gida ya zauna da shi, ya bayyana masa cewa malaman Malikiyya sun yi magana a kan mai yoyon fitsari tun da daɗewa: abin da ya lizimci mutum a mafi yawan lokacinsa ba ya karya masa alwala, kuma an yi masa rangwame a kan abin da ba zai iya kauce masa ba. Baba ya koma sahu, amma a ƙarshen layi, kusa da ƙofa. Don haka da aka zo batun azumi, ya ƙi a tayar da maganar. A ganinsa an riga an sauƙaƙa masa abu ɗaya, ba zai nemi na biyu ba. Ya riƙa wuni babu ruwa, fitsarin da ke ledar ya ragu, ya yi duhu kamar shayin da aka manta a wuta, warinsa kuma ya koma mai hawa ido.

Daren sha bakwai ga wata, wajen ƙarfe biyu, Inna ta buga mini ƙofa. Ledar babu ko ɗigo tun magariba. Mararsa ta kumbura ta yi tauri, fitsari yana tsattsafowa ta gefen hudar ya jiƙa zane, jikinsa ya yi zafi, yana rawar sanyi. Robar ta kai mako 15 a jikinsa. Maƙwabcinmu ya fito da motarsa.

A ɗakin agajin gaggawa muka tarar da wata dattijuwar nas, wadda na ji abokan aikinta suna kira Hajiya. Ta tambaye ni irin robar da tsawon zamanta, na faɗa mata, na ƙara da labarin cirewa biyu da suka wuce. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba labarin wani da ta sani. Baba, duk da halin da yake ciki, ya ce, "Abba, ka juya." Hajiya ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yau ina bukatar hannunsa. Babu mai riƙe mini fitila." Wutar lantarki ta ɗauke, fitilar waya ce kawai. Baba ya rufe idonsa, ya juya fuska gefe. Wannan ne karo na farko da na ga hudar: ɗan rami jajir, da wani tsiron nama a gefensa, fatar kewaye ta yi duhu. Abin ya fi yadda na zata ƙanƙanta.

Ta sa sirinji a bakin balan-balan, ta cire hannunta. Ba ta ja ba. Ruwan da kansa ya riƙa tura sandar sirinjin baya a hankali, har ya tsaya a kan 7.

"Ka gani? Goma aka sa, bakwai suka dawo. Silikon yana barin ruwa ya tsere ta jikinsa sannu a hankali. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ja yana neman sauran ukun da babu su."

Ta tsaya tana yi wa Baba hira a kan farashin gero, kamar babu abin da ke gabanta. Minti uku ko huɗu suka wuce. Ta gwada ja kaɗan, robar ta taho ta tsaya cak. Na ga cikin Baba ya ɗaure. Ta saki. Sai ta yi abin da ya ba ni mamaki: ta mayar da ruwa cikin balan-balan ɗin, ɗan kaɗan, bai kai mililita ɗaya ba. Ta tura robar ciki kaɗan, ta murza ta tsakanin yatsunta, ta dafa fatar gefen hudar da ɗaya hannun, ta ce, "Alhaji, ja numfashi, ka sake shi a hankali kamar kana hura koko." Yana cikin saki, tana murzawa tana ja, robar ta fito. Baba ya yi nishi, amma bai yi salatin nan ba. Kafin in ƙifta ido ta zura sabuwa, fitsari ya ɓalle cikin leda har ya cika ta. Ta ce ba a jinkiri a wannan wuri, domin hudar mara tana iya fara rufewa cikin ɗan lokaci, kuma idan ta rufe sai an koma ɗakin tiyata.

Bayan an ɗaura masa ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta, ta kira ni gefe ta haska mini tsohuwar robar. A inda balan-balan yake, fatarsa ba ta koma ta kwanta lumui ba. Ta tattare ta yi ƙulli kewaye da robar, kamar hannun rigar da aka naɗe. Ta ce balan-balan ɗin silikon idan ya daɗe a kumbure ba ya komawa yadda yake, kuma idan aka zuƙe shi da ƙarfi sai tattarewar ta ƙara tauri. Wannan ƙulli shi ke tokarewa a bakin hudar, wadda hanya ce ta tabo, ba ta miƙewa. Mafitsara kuma idan ta ji ana ja sai ta damƙe, naman ciki ya taya ta. Ɗan ruwan da ta mayar shi ya lallashe tattarewar ta yi santsi. Sannan ta ɗauki almakashi ta tsaga robar a tsaye. Cikinta cike yake da wani farin tsakuwa-tsakuwa, kamar abin da ke taruwa a gindin tsohuwar butar shayi, har ya toshe idanun robar.

Wannan kam na gane shi, kuma ganewar ta ba ni kunya, domin darasin aji ɗaya ne. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zama a jikin roba, shahararriyarsu ita ce Furotiyas, waɗanda ke farfasa sinadarin yuriya da ke cikin fitsari su mayar da shi amoniya. Warin nan mai hawa ido ke nan. Amoniya tana kashe tsamin fitsari ta mayar da shi mai kanwa-kanwa, kuma a irin wannan ruwa gishirin kalsiyam da magniziyam da fosfet ba sa zama a narke, sai su daskare su manne. Ƙarancin ruwa a jiki yana gaggauta abin. Na zana irin wannan lissafi a allo, na ci jarrabawa da shi, alhali yana faruwa a cikin mahaifina, ɗaki ɗaya tsakaninmu.

Da aka sallame mu na sayi littafi mai shafi 40 da takardar gwajin tsami irin wadda muke amfani da ita a ɗakin gwaje-gwaje. Ranar farko da na tsoma jar takardar a fitsarin, nan take ta koma shuɗiya. Na fara rubuta komai: ranar da aka sa roba, irinta, lambarta, ruwan da aka ɗura, ruwan da ya dawo, ranar da tsakuwa ta fara bayyana a bututun leda. Cikin wata shida littafin ya nuna mana abin da babu katin asibitin da ya nuna: robar Baba takan fara cushewa a mako na biyar. Muka kai wa likita, ya duba, ya mayar da canjin duk mako huɗu, ya kuma ce a koma wa ta danƙo mai rufin santsi, wadda balan-balan ɗinta ya fi kwanciya. Ya ce Baba ya riƙa shan ruwa sosai, a matsa masa lemun tsami a ciki, domin sinadarin da ke cikin lemun yana rage daskarewar gishirin. Tsadar da na saya da alfahari, ita aka fara jefarwa.

Maganar azumi ta fi wuya. Liman ya sake zuwa, wannan karon da takardar likita a gabansa. Ban ji abin da suka tattauna ba, don ban shiga ba. Na dai ga da azumi na gaba ya zo, Baba ya sa an fito da buhun gero, ya zauna a kan tabarma da mudu a hannunsa yana auna na ciyarwa da kansa, yana tsoro shi yadda ba ya yi wa mai saye. Da rana yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa kafin ya sha ruwansa. Har yau ba ya son a gan shi.

Kada a ɗauka littafin ya kawo ƙarshen wahala. Akwai ranar da aka sa sirinji ruwan ya ƙi fitowa ko ɗigo, domin 'yar hanyar balan-balan ɗin ta toshe. Kawuna, da ya raka mu, ya ce a kawo reza a yanke robar kowa ya huta. Allah ya sa nas ɗin ranar ta san cewa idan aka yanke ta, guntun yana iya zamewa ciki da balan-balan a kumbure. Muka yi awa huɗu a benci kafin likita ya fito daga tiyata ya buɗe hanyar da wata siririyar waya. Akwai kuma ranakun da aka bi duk ƙa'ida amma ta fito da ɗan jini. Tsiron naman nan yana dawowa, a ƙona shi da magani, ya sake dawowa.

Abin da ban iya ba har yanzu shi ne yadda ɗan rakiya zai faɗa wa ma'aikaci yadda zai yi aikinsa. Hajiya ta yi ritaya, kuma kusan duk zuwa sabuwar fuska muke tararwa. Na taɓa cewa wani, cikin ladabi iyakar iyawata, ya bar ruwan ya fito da kansa. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, kai likita ne?" Na ce a'a. Ya ce to in jira a waje. Ranar Baba ya sha wuya, kuma na san rabin laifin na harshena ne. Daga baya na koyi in miƙa littafin tun kafin a fara, in ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da waɗanda suka gabata suka ce a riƙa nuna wa duk wanda zai yi masa." Rubutu ya fi bakina kwarjini. Wasu sukan karanta har su tambaye ni ƙarin bayani; wata ma ta ɗauki hoton shafin da wayarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an bar shi ya nuna.

Talatar da ta wuce muka je. Daren Litinin, kamar kullum, Baba bai ci tuwon kirki ba, kuma na ji motsinsa a tsakar gida tun kafin kiran assalatu. A cikin adaidaita sahu ya tambaye ni, ba ta bakin Inna ba, ko na ɗauko littafin. Na ce yana aljihuna. Muka sami wata yarinya sabuwar ɗauka, hannunta yana ɗan rawa wajen yage ledar safar hannu. Ta karanta shafin sau biyu. Baba ya hau gado, ni kuma na nufi bangona, ga takardar wanke hannu har ta koɗe.

"Abba."

"Na'am, Baba."

"Dawo nan ka tsaya. Ka duba wa 'yar nan ruwan."

Na dawo na tsaya a gefen gadon. Ya ɗaga rigarsa da kansa, idonsa a kan rufin ɗaki. Ta sa sirinji ta cire hannunta, mu uku muka yi shiru muna jira. Sandar ta ja baya a hankali ta tsaya a kan 9. Na buɗe littafin a kan gwiwata na rubuta.